Muryar Yaya a Oba-oba

Yayata ta yi shekara ashirin da 'yan kai tana aiki a wani kamfanin dakon kaya, amma ba ta taɓa ɗaga ko kwali ɗaya ba. Aikinta magana ne. A saman garejin kamfanin akwai wani ɗan ɗaki mai taga guda da ke kallon filin da ake jera motoci. Nan take zama, oba-oba a gabanta, taswira a bango, tana gaya wa kowane direba inda zai nufa, kayan wa zai ɗauko, da hanyar da zai kauce wa saboda cunkoso ko aikin titi. Direbobi suka laƙa mata suna Anti Oba-oba, har waɗanda suka girme ta nesa ba kusa ba haka suke kiran ta.

Ni ƙanwarta ce, ɗinki nake yi. Tun muna yara ita ce mai bakin gidanmu. In aka aike mu tare, ni in riƙe kwando, ita ta yi ciniki. Da ta gama sakandare ta koyi buga tafireta, ta samu aiki a wani shagon buga takardu. Wata rana wani direba ya zo a buga masa takardar neman hutu. Washegari ya dawo wai akwai kuskure. Jibi ma ya dawo wai ya ga wani kuskuren. Mai shagon ya ce masa, "Malam, in ita kake so ka faɗa, takardarmu na ƙarewa." Shi Yaya ta aura, kuma shi ya kai ta kamfaninsu lokacin da dattijon da ke riƙe da oba-oba kunnensa ya yi nauyi.

Ɗa ɗaya Allah ya ba su. Yaron na makarantar gaba da firamare ciwon hanta ya kwantar da uban, bai tashi ba. Yaya ta rene shi ita kaɗai, ya yi karatu, ya samu aiki a wata ƙasa mai nisa, ya yi aure can. Yakan kira ta ƙarshen mako. Ita kuwa ta ci gaba da zama a ɗaki biyunta na hawa na uku, a wani dogon gidan haya inda maƙwabta ke sauyawa kafin ka riƙe fuskarsu. Na sha ce mata ta dawo kusa da ni, sai ta ce, "Ke, ni da nake da 'ya'ya arba'in a kan titi, wane kaɗaici kike gani?"

Kuma gaskiyarta. Ta san direban da matarsa ke da ciki, da wanda ke fama da ciwon baya yana ɓoyewa, da wanda in ya yi shiru to ya tsaya sayen abinci ne. Akwai wani da suke kira Gajere, ko da yake ya fi kowa tsawo a filin. Sai ta danna ta ce, "Gajere, kai ke jin yunwa ko motar ce?" Ya ce, "Anti, taya nake dubawa." Ta ce, "To ka goge man tayar daga bakinka ka kama hanya." Duk wanda ke kan layin sai ya fashe da dariya. In sun dawo daga doguwar tafiya sukan ajiye mata tsaraba a bakin matakala: lemo, albasa, wani lokaci ɗan zanin da wani ya gani ya ce ya dace da ita. Rabin albasar da na ci a shekarun nan daga bakin matakalar nan ta fito.

A cikinsu akwai Baba Birki, wanda ya samu sunan saboda ko leda ya gani a titi sai ya taka birki. Aminin mijinta ne. Tare da shi muka yi jinya a asibiti, shi ke juya marigayin in ya gaji da kwanciya a gefe guda. Bayan rasuwar bai taɓa wuce ƙasan tagarta da safe bai ɗaga hannu ba. Shi kaɗai ba ya ce mata Anti; matar ɗan'uwana yake ce mata.

Maganar haɗewa da wani kamfani ta fara ne kamar raɗe-raɗi a bencin mai shayi. Aka yi ta musantawa. Sai wata safiya Mai Gida, wato dattijon da ya kafa kamfanin, ya tara su a ƙarƙashin rumfar gareji, ya ce ya gaji, 'ya'yansa ba su da sha'awar harkar mota, don haka ya haɗa hannu da wasu manya. Ya dafa ƙirji ya ce babu wanda zai rasa abincinsa muddin yana numfashi. Aka tafa masa. Daga ranar ba su sake ganin motarsa a filin ba. Yana nan da ransa, aka ce, yana hutawa a wani gida mai lambu.

Aka zo aka goge allon ƙofa, aka rubuta sabon suna da ya haɗa na kamfanonin biyu. Sunan ya yi tsawo har bai shiga aljihun rigar aiki ba, sai da aka karya shi gida biyu. Sannan aka kwaso ma'aikatan ɗaya kamfanin aka zube su a nan. Komai ya zama bibbiyu: masu kula da sito biyu, shugabannin kanikawa biyu, masu gadi ninki biyu a ƙofa ɗaya suna kallon juna. Ba wanda yake buƙatar a gaya masa abin da hakan ke nufi.

Wanda ke aikin Yaya a wancan kamfanin wani siririn mutum ne mai tabarau masu kauri, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Ya hau matakala da filas ɗin shayinsa da wani ɗan matashin jingina da yake sawa a bayansa, ya yi sallama, ya tsaya. Kujera ɗaya ce a ɗakin, Yaya na kai. Suka sauka tare wurin sabon manaja su ji wa zai zauna ina, wa zai kira wa. Manajan na auna ofishin Mai Gida da tef, yana son a faɗaɗa shi. Bai ko juyo ba ya ce, "Ku manya ne, ku daidaita tsakaninku." Suka aro kujerar roba a wurin mai shayi.

Yaya ta sa masa suna Malam Tabarau. Da farko ba ta ko son jin tarinsa. Ranar Asabar in ta zo shagona sai ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki ta yi ta zuba. "Mutum kamar an jiƙa shi an shanya," in ji ta. "In yana kiran direbobinsa sai ka ce yana karanta sanarwar rasuwa. Kuma wai a cikinmu za a zaɓi ɗaya." Na ce, "Wa ya ce za a zaɓa?" Ta ce, "Ai abin haushin ke nan, ƙanwata. Ba wanda ya ce komai. Da za su fito su ce ke kin tafi, kai ka zauna, da mutum ya san inda ya dosa."

Manajan mai tef bai daɗe ba aka ɗauke shi. Na biyu bai taɓa taka filin ba. Ta allon talabijin yake yi musu magana daga hedikwata, kuma duk lokacin da wani ya tambayi makomar ma'aikata sai sauti ya ɗauke, a bar su da bakinsa yana motsi. Na uku wani saurayi ne mai fara'a da aka ce na riƙo ne, kuma a riƙon ya zauna har ƙarshe. Komai ka tambaye shi amsarsa ɗaya: "Ana tattaunawa a sama."

Aiki ya cakuɗe. Oba-oban kamfanonin biyu ba sa jin juna, don haka Yaya ba ta iya kiran direbobin Malam Tabarau, shi ma ba ya iya kiran nata. Hedikwata ta aiko umarni da safe, Manajan Riƙo ya ba da wani da hantsi. Sai a tura mota biyu wurin mutum ɗaya, wani kuma ya wuni yana jira ba a je ba. In mai kaya ya kira yana zagi, a ce laifin ɗakin sama ne. Yaya ta nemi a zauna da su, su da suka san aikin, a tsara abin. Aka ce an ji. Bayan mako biyu aka kafa wani akwatin katako a jikin bango, aka rubuta "Shawarwarinku" a kai. Mai gadi ya gaya mata makullinsa ya tafi hedikwata a aljihun wanda ya kafa shi.

Wahalar ce ta fara haɗa ta da Malam Tabarau. Suka ga in ba su riƙa gaya wa juna abin da kowa ya tura ba, su za a ci gaba da zagi. Sai ya zama ita ta kira nata, ta waiga ta faɗa masa, shi ma ya kira nasa ya faɗa mata. Wata rana shayinta ya ƙare, ya tsiyaya mata nasa a murfin filas. Ta ce mini, "Shayin ba sukari, kamar mai shi." Amma na lura ta daina kiran sa jiƙaƙƙe.

Ranar da abin ya faru, Manajan Riƙo ya hau ɗakin da kansa, abin da bai saba ba, tare da wata mata daga ofishin kula da ma'aikata na hedikwata, wadda kowa ke ce wa Madam. Ya ce an kawo masu duba tayoyi, ana son wasu motoci su dawo yanzu. Ya faɗi lambobinsu, Yaya ta shiga kira. Da ta zo kan Baba Birki ya ce, "Matar ɗan'uwana, tayata ai sababbi ne, watan jiya aka sa." Ta ce, "Kai dai juyo, Baba, daga sama aka ce. Ka samu ka miƙe bayanka, ka ga yau ba sai ka taka wa leda birki ba." Ya yi dariya ya ce ga shi nan.

Ta taga ta ga dawowarsu. Ba ta ga mai duba taya ko ɗaya ba. Kowa ya faka, sai mai gadi ya karɓi makulli ya nuna masa ƙofar ofis. Ba a daɗewa a ciki. Mutum ya fito da ambulan a hannu, a raka shi motarsa ya kwashe 'yan komatsansa, a raka shi ƙofa. Yaya na sama tana kallon su ɗaya bayan ɗaya. Baba Birki ne na ƙarshe. Ya fito da bargonsa a naɗe a hammata da ɗan rediyonsa a hannu. Da ya zo ƙasan tagar ya tsaya, ya ɗaga kai ya dube ta. Bai ɗaga hannu ba. Ya juya ya fita.

Sai a lokacin ta sauka. Ta tura ƙofar manajan ba sallama.

Ta ce, "Da bakina kuka yi wannan aikin?"

Ya ce, "Anti, zauna mana. Wallahi ni ma aiko ni aka yi."

"Ba zama na zo yi ba. Me ya hana ka ɗauki oba-oban ka kira su da kanka?"

Madam ce ta amsa, tana tattara takardunta. Ta ce, "Ke suka saba ji. Kuma in aka gaya wa direba yana kan hanya, wa ya san inda zai kai mana mota?"

Yaya ta ce, "Dattijon nan tun kafin a yaye ki yake dawo da motar nan filin nan kowace yamma. Yau ne zai gudu da ita?"

Madam ta ce ba da ita za a yi wannan maganar ba, tsari ne. Wayar manajan ta yi ƙara, ya ɗaga mata hannu alamar ta jira, ya fita da wayar a kunne. Ta jira har ta gaji bai dawo ba.

Da yamma ta zo shagona, ranar ba Asabar ba. Ta zauna ta yi tagumi. Na kashe keke na tambaye ta lafiya, ta ba ni labari a taƙaice, ita da ba ta iya taƙaita komai ba. Na ce, "Yaya, ai ba ki sani ba." Ta ce, "Har da wasa na yi masa. Yana dariya ya juyo da motar." Na ce ta kira shi ta yi masa bayani. Ta kira a gabana, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake gwadawa washegari, da jibi, daga nan ta bari.

Daga ranar layin ya mutu. In ta kira direba sai ya ce, "Na ji," shi ke nan. Ta gwada tsokanar Gajere, ya ce, "To, Anti," ya kashe. In ta sauko wurin mai shayi sai hira ta tsaya, kowa ya sa ido a kofinsa. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ce mata ke ce. Wasu sun yarda ba ta sani ba, wasu na cewa ai da ita aka ƙulla, shi ya sa aka bar ta a kujerarta. Bakin matakala ya zama wayam. Ta daina saukowa, ta koma zuwa da burodinta daga gida.

Mako na zagayowa aka yi wa Malam Tabarau irin wannan da nasa direbobin, wai za a sauya musu katin mai. Shi ya san abin da ake nufi, ya kuma kira. Da ya gama ya cire tabaransa ya daɗe yana gogewa da gefen riga. Ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "'Yan mata uku gare ni a makaranta." Yaya ta ce, "Ban tambaye ka ba, Malam." Ta tura masa rabin burodinta. Haka suka riƙa cin abincin rana, su biyu, suna kallon filin da motoci ke raguwa a cikinsa.

Da aka zo zagaye na biyu, Manajan Riƙo bai hau ba, ta waya ya faɗa mata lambobin, ya ce ta ce ana son sabunta takardun mota. Gajere na ciki. Ta danna ta ce, "Gajere, ofis na nemanka. Ba maganar takarda ba ce, ba ta taya ba. Ka gane?" Ga shi kowa a layin na ji. Ya ce, "Na gane, Anti. Bari in sauke wa mutane kayansu in taho." Ya sauke, ya kawo motar, ya miƙa makulli. Haka ta gaya wa sauran. Washegari aka ba ta takardar gargaɗi wai ta fitar da sirrin kamfani.

Na ɗauka hakan zai wanke ta a wurin direbobi. Bai wanke ba. Abin da ya ƙaru shi ne yanzu duk wanda ya ji ta ambaci lambar motarsa sai gabansa ya faɗi. Kafin ta ce komai sai ya ce, "Lafiya dai, Anti?" Ta ce mini, "Da in na yi magana mutane dariya suke yi. Yanzu in na buɗe baki salati suke yi."

Wata Litinin Malam Tabarau bai zo ba. Matashinsa na kan kujerar roba. Ta ɗauka ƙafar ce ta motsa, ta riƙe masa aikinsa iya yadda za ta iya. Sai da rana ta yi mai gadi ya ce mata ai tun ranar Juma'a da yamma aka aika masa saƙon sallama ta waya. Ba wanda ya ga ya dace a hau a gaya mata. Ta kira shi. Ya ce, "Ba komai, Hajiya. Gara da ke aka bari, ke ce mai muryar aikin." Ta tuna masa ya bar matashinsa. Ya ce zai aiko a ɗauka. Ba a zo ba. Ta sa shi a leda da niyyar kai masa har gida, sai ta tuna sun yi kusan shekara suna shan shayi a murfi ɗaya amma ba ta san unguwarsu ba. Ta ji nauyin sake kiransa ta tambaya, kada ya ga kamar jaje ta zo yi masa daga kan kujerar da aka hana shi.

Ba a jima ba aka kwashe oba-oban gaba ɗaya. Aka ce yanzu ta wayar hannu za a riƙa tura wa direbobi aiki a rubuce. Aka rufe ɗakin sama, aka mayar da Yaya hedikwata, can ɗaya gefen gari, sai ta hau bas biyu. Wani makeken ɗaki ne da aka yanyanka da allunan katako, fitila a kunne dare da rana don ba taga, sanyin na'ura kamar zai tsaga ƙashi. Abokan aikinta duk sa'o'in ɗanta ne, kowa da abin ji a kunne. Yara ne masu ladabi, suna ce mata Mama, suna nuna mata inda za ta danna in kwamfuta ta ƙi. Amma ba wanda ya san an taɓa kiran ta da wani suna, kuma direbobin sun koma ɗigo-ɗigo masu motsi a kan allo. Takan wuni ba ta yi magana da kowa ba sai gaisuwa.

Wata safiya katinta ya ƙi buɗe ƙofar shiga. Ta goga, ta sake gogawa, jan wuta kawai yake nunawa. Mai gadin sabo ne, ya ce in kati ya ƙi to an sallami mutum ke nan, ta matsa gefe ta ba mutane hanya. Ta tsaya a gefen tana kallon yaran ofishinsu na wucewa. Wasu suka gaishe ta a kunyace, wasu suka yi kamar ba su gan ta ba. Ta kira manajan sashensu bai ɗauka ba. Da rana ta take ta hau bas ta koma gida, ta cire rigar aiki ta ninke. Sai ga waya daga ofishin Madam: kuskure ne, an haɗa ta da wata ce, ta dawo gobe. Ba haƙuri, ba komai. Har aka tambaye ta dalilin da ya sa ba ta sanar ba kafin ta bar bakin aiki.

Ɗanta da ya ji ya ce, "Umma, ki bar musu aikinsu ki taho wurinmu, ga jikokinki." Ta ce ba za ta iya zuwa inda in ta fita ƙofa ba ta san yadda za ta ce wa maƙwabci ina kwana ba. Ni ma na ce ta bari. Ta ce, "In na bari, da safe in tashi in je ina?" Ta koma. Ta ƙara wasu watanni, tana ramewa a tsaye. Sannan wata rana, ba tare da wani sabon abu ya faru ba, ta rubuta takardar ajiye aiki ta kai. Wanda ya karɓa, wani manaja ne da bai daɗe da zuwa ba, ya karanta ya ce, "Ayya, Mama. Wane sashe kike?" Ranar da ta cika wa'adinta ta ɗauki kofinta da ɗan mayafin da take rufa saboda sanyi, ta miƙa kati a ƙofa. Yarinyar da ke zaune kusa da ita ce kaɗai ta rako ta har bakin titi, ta riƙe mata jaka har bas ya zo.

Bayan kamar shekara na raka ta asibiti a duba mata hawan jini. Muna kan benci muna jiran layi sai ga Baba Birki, ya ƙara tsufa, 'yarsa na riƙe da katinsa. Ya gan mu. Na zaci zai kauce, sai ya zo ya zauna a ƙarshen bencin. Aka gaisa, ya tambayi yaro, ta tambayi iyali. Ya ce yanzu yana tuƙa wata ƙaramar motar makaranta, yana kai yara yana ɗauko su, kuma iyayen na son sa don ba ya gudu. Suka ɗan yi murmushi. Sai Yaya ta ce, "Baba, ranar nan wallahi ban sani ba."

Ya ce, "Na sani, matar ɗan'uwana. Tun a ranar na sani. Gajere ma ya gaya mini abin da kika yi daga baya." Ta ce, "To me ya sa ka ƙi ɗaukar wayata?" Ya ce, "Da wani ne ya kira ni ranar, da na taho da shirina. Ke na ji, shi ya sa na taho ina waƙa. In na ga lambarki sai abin ya dawo mini sabo. Ba fushi ba ne. Kasawa na yi." Aka kira lambarsa, 'yar ta kama hannunsa ya miƙe. Ya ce zai zo ya gaishe ta in an yi hutun makaranta. Hutu biyu sun wuce tun daga nan, bai zo ba tukuna, ita ma ba ta sake kira ba.

Yanzu Yaya kan zo shagona kwana uku ko huɗu a mako. Ta ce in koya mata ɗinki, amma hannunta ya ƙi; in ta sa maɓalli sai na bi bayanta na warware. Don haka guga take yi mini, tana ninke kayan da aka gama, tana karɓar masu kawo ɗinki in ina kan keke. Wani lokaci wata mai kawo gyara ta zauna su yi hira har ta manta da guga a kan zani, sau biyu tana ƙona mini kaya. Wani lokaci kuma ta wuni ba ta ce uffan ba. Na gyara mata ɗaki a gidana, na sa labule sabo, maigidana ma ya sa baki, ta ce tukuna. In la'asar ta yi sanyi sai ta naɗe wayar guga, ta ce, "Ƙanwata, bari in kama hanya kafin bas ya cika," ta sayi burodi ɗaya a shagon kusa da mu, ta tafi.